Gangunan da suka kwana a waje: nazarin tafiyar makaɗan wata lise ta Damagaram zuwa tsibirin Gore

Ni malamin tarihi ne a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, a cikin garin Damagaram, kuma ina cikin malamai biyu da suka raka ƴan ƙungiyar kiɗa da waƙa ta makarantarmu zuwa tsibirin Gore na ƙasar Senegal. Tun dawowarmu malaman wasu makarantu ke tare ni suna tambayar yadda aka yi. Amsar da nake ba su a tsaye a bakin hanya ba ta gamsar da ni, domin kullum sai zancen ya ƙare a kuɗin jirgi da takardu, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta lamarin tun daga tushe. Da gangan na ɓoye sunan makaranta da na yara.

Gayyatar ta zo ne ta hannun wani abokin karatuna da ke koyarwa a Dakar. Na taɓa tura masa bidiyon wasan da yaranmu suka yi a bikin rufe shekara, ashe shi da abokan aikinsa suna shirya haɗuwar ɗalibai ta kwana uku a Gore a hutun ƙarshen Disamba. Masauki da abinci nasu ne, zuwa da dawowa a wuyanmu.

Da na kai wa shugaban makaranta maganar, tambayarsa ta farko ita ce me yara za su ƙaru da shi ban da ganin teku. Na ce masa Gore ba baƙon wuri ba ne ga ɗan Nijar mai karatu. Ɗan tsibiri ne da bai kai kilomita 1 a tsawo ba, yana kamar kilomita 3 daga tashar jiragen ruwan Dakar, ba a shiga da mota, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 1978. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne makarantar horon malamai ta Wiliyam Ponti, wadda ta zauna a can daga 1913 zuwa 1937. Marubuci Bubu Hama ya yi karatu a cikinta, haka ma Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. A wannan makaranta akan sa ɗalibai in sun je hutu su rubuto al'adun garuruwansu, su dawo su mai da wasu wasan kwaikwayo. Na ce hanyar da kakanninmu na boko suka bi ce za mu sake takawa. Ya amince, da sharaɗin kada makaranta ta ci bashi. Wannan sharaɗi ba mu cika shi ba, zan zo kansa.

Wa zai tafi

Ƙungiyar tana da yara 23, suna haɗuwa kowace Laraba da yamma. Kayanmu ganga biyu, kalangu biyu, jita, da piyano na lantarki. Yawancin yaran ƴaƴan ma'aikata ne da ƴan kasuwa, kuma a waya suka koyi kiɗan: su kalli bidiyo, su kwaikwayi bugun.

Da farko mun yi niyyar bin ƙasa, ta Wagadugu da Bamako da Kayes, kowa ya samu zuwa. A taron farko iyaye suka kashe maganar, kuma da gaskiyarsu, ganin halin tsaro a wannan hanya. Aka koma ga jirgin sama daga Yamai. Abin da ƙungiyar iyaye ta bayar, da gudummawar tsofaffin ɗalibai, da na wasu ƴan kasuwar Dole, da kuɗin ƙofa na wasa biyu da muka shirya, duka bai wuce na mutum 12 ba. Sauƙi ɗaya da muka samu shi ne ba maganar canji, sefar da muke kashewa a nan ita ake kashewa a can.

Takardu ba zan daɗe a kansu ba. Fasfo, katin rigakafin shawara, da izinin iyaye mai hatimin hukuma. Abin da ya kusa kayar da mu shi ne yara uku da ranar haihuwarsu a takardar kotu ta saɓa da ta kundin makaranta. Mai shirin irin wannan tafiya ya fara da duba wannan, wata uku kafin ranar tashi.

Kwamitin da aka kafa ya sa ƙa'ida biyu: yaro ya kasance yana da maki 10 bisa 20 ko fiye, kuma iyayensa su iya ƙara wani abu. Ƙa'idar farko kowa ya yaba. Ta biyu ba wanda ya so ya faɗe ta da ƙarfi, amma ita ta fi aiki. Da jerin sunaye ya fito, na duba na ga mun zaɓi waɗanda za su iya biya, muka bar wa Allah maganar ko za su iya kiɗa.

A nan ne wani yaro ɗan aji na biyun ƙarshe ya shigo lamarin. Ba ya cikin ƙungiya. Yakan tsaya jikin taga ranar Laraba yana kallo, in an kalle shi ya kau da kai. Wata rana mai kalangunmu yana ta fama, sai na ga yaron nan ya yamutsa fuska kamar wanda ya tauna tsakuwa a tuwo. Na kira shi.

"Me ka ji?"

"Ba komai, Mushe."

"Ai na ga fuskarka."

Ya yi shiru, can ya ce, "Tsarkiyarsa ta saki ta gefe ɗaya, kuma yana matse shi a inda ya kamata ya sake."

Na miƙa masa kalangun. Ya gyara shi cikin ɗan lokaci, ya rataya, ya buga. Ajin ya yi tsit. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ɗan gidan makaɗa ne a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, kakansa da ubansa duk sana'arsu ke nan. Shekara da shekaru yana makarantar boko yana ɓoye wannan, don ya san sunan da za a laƙaba masa. Mu a ƙasar Hausa muna son kiɗa a biki da hawan salla, amma ba ma son a ce ɗanmu makaɗi ne, kuma kalmar maroƙi a bakin yara zagi ce. Ɗan ma'aikaci in ya ɗauki kalangu sai a ce yana raya al'ada. Wanda ya gada in ya ɗauka sai a ce halinsa ya fito.

Makinsa bai kai 10 ba, gidansu kuma ba abin ƙarawa. Na tsaya kai da fata sai an tafi da shi, kwamiti ya ce to sai dai a cire wani. Aka cire wata yarinya mai amshi, mai ƙoƙari a aji, wadda ba ta taɓa fashin Laraba ba, bisa hujjar cewa masu amshi sun yi yawa. Ni na kawo hujjar. Har yau ina ganin tafiya da yaron daidai ne, kuma har yau ina ganin an zalunci yarinyar. Abin da ya kamata mu yi shi ne mu koma wurin masu bayarwa mu nemi kujera ta 13 tun a lokacin. Kunyar sake roƙo ta hana mu.

A zauren tsoho

Uban yaron yana tafiya, don haka wurin kakansa na je neman izini. Na same shi a zaure bayan la'asar. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni, har na ƙara da tambayar ko za a samu aron kakaki, don na ga zai burge baƙi.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kakaki da tambari na sarki ne. Ba a busa wa kowa, ba a ɗauka a kai yawo. Wannan ka bar shi."

Na ce, "Na bari, Baba. A yi mini afuwa."

Sai ya tambayi yadda garin da za mu yake. Da na ce ruwa ne ya kewaye shi ta ko'ina, ya gyara zama. "To garin da ruwa ya kewaye ai kullum damina ce a wurin fata. Kada ku bar ganga ta kwana a waje. Ku naɗe ta, ku sa ta inda mutum ke kwana." Na amsa da to, na rubuta izini ya sa hannu, na fito. Maganar gangar ban riƙe ta ba. Hankalina yana kan fasfo.

Ƴan mata huɗu ne cikin tafiyar, kuma abokiyar aikina ce ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Wani uba ya tuna mata da jirgin ruwan Joola da ya nutse a 2002 da mutane fiye da 1,800. Ta yi masa bayanin cewa wancan doguwar tafiya ce tsakanin Zigincor da Dakar, namu kuwa tsallakawa ce ta kamar minti 20. Abin da ya sa ya yarda a ƙarshe shi ne alkawarin da ta yi masa cewa ɗaki ɗaya za ta kwana da su.

Mun tashi da asuba cikin sanyin hunturu, muka bi Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, kusan kilomita 900 zuwa Yamai. Rabin yaran a nan suka fara ganin kogin Kwara. Daga nan jirgi, da sauyi ɗaya a hanya, zuwa filin jirgin Dakar da ke Diass, wanda aka buɗe a 2017. A tashar ruwan Dakar wata yarinya ta tsaya tana kallon teku, ta ce, "Madam, duk wannan ruwa, kuma ba a sha?" Wanda ya tashi a Damagaram, ya san jiran famfo da tsakar dare da bin ƴan ga-ruwa, shi zai gane nauyin tambayar.

Safiyar farko

Mun isa Gore da yamma a gajiye. Ɗakunan ƙanana ne, sai na ce a jera kayan kiɗa a baranda. Yaron ya ce, "Mushe, Baba ya ce..." Na ce ba wuri, gobe ma gyara. Bai sake magana ba. Ya ɗauki kalangun da ya zo da shi daga gida, ya naɗe shi a bargonsa, shi kuma ya kwana da rigar sanyi.

Da safe muka fito gwaji. Aka buga ganga, sai ta yi wani irin sauti kamar ana dukan katifa. Ta biyu ma haka, kalangun makaranta ma haka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fata tana shan danshin iska ta saki, kuma waɗannan fatu an ɗaure su ne a busasshiyar iskar hunturun Damagaram, sai ga su sun kwana cikin raɓa da iskar teku. Piyano da jita lafiyarsu lau, amma ba don su aka gayyace mu ba. Wasanmu kuma washegari ne da yamma.

Yaron ya je wurin mai gadin gidan, da hannu da ɗan Faransanci ya aro murhun da yake dafa shayi. Ya bar gawayin ya ci ya zama garwashi, ya riƙe gangar nesa kaɗan, yana juya ta, yana shafa fatar da tafin hannu, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare. In ta ɗau zafi ya janye, ta huce, ya mayar. Ya fi rabin sa'a a kan ganga ɗaya kafin muryarta ta dawo. Wani daga cikin manyan yaran ya ga abin kamar da sauƙi, ya ɗauki ta biyun ya kanga ta dab da wuta don a yi sauri. Muna tsaye muka ji ƙarar tsagewa. Sake fata yana son jiƙo da ɗauri da shanya, ba aikin yini ɗaya ba ne. Da ganga ɗaya muka ƙarasa tafiyar.

Daga wannan safiya, ba tare da wani ya naɗa shi ba, shi ke cewa a ɗauko, a ajiye, a kai rana, a shigo da ita. Waɗanda a gida ba sa zama benci ɗaya da shi suka koma tambayarsa.

Abin da ganga ke faɗi

Da hantsi aka kai mu Gidan Bayi, gidan tarihin tunawa da cinikin bayi. Masana tarihi sun yi saɓani a kan yawan mutanen da suka bi ta wannan gida takamaimai, kuma na faɗa wa yara haka tun kafin mu shiga. Amma saɓanin lissafi ba ya rage abin da mutum ke ji in ya shiga ƙananan ɗakunan ƙasa masu duhu, ya tsaya a ƙofar da ke fuskantar teku, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Yaranmu masu surutu suka fito ba mai cewa uffan.

Muna zaune a inuwa sai yaron ya matso kusa da ni. "Mushe, kiɗan da za mu buɗe da shi, kun san abin da yake cewa?"

Ban sani ba. Mu a wurinmu bugu ne mai daɗi da muka ɗauko a bidiyo. Shi a wurinsa magana ce. Kiɗan Hausa na gado yana da take, kowace sarauta da kowace sana'a da nata, kuma ganga tana bin hawa da saukar muryar kalmomi ne. Ya ce wannan taken fita yaƙi ne, yana zuga mazaje su dawo da ganima, kuma cikin ganimar da ake nufi har da mutane.

Ni da nake koyar da tarihi na san sauran. Damagaram ta ƙarni na 19, wadda Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa, ta yi ƙarfi da fatauci, kuma cikin abin da ayari ke ɗauka zuwa arewa ta Agadas har Tarabulus akwai bayi. Na san sai a 2003 dokar Nijar ta tanadi hukunci a kan bauta, kuma a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, ƴar Nijar da aka bautar. Duk wannan ina faɗa a aji. Ban taɓa haɗa shi da abin da yarana ke bugawa ranar Laraba ba.

Da dare muka tara su, yaron ya maimaita abin da ya faɗa mini. Gardama ta kaure. Wani ya ce tarihinmu ne, ba mu zo nan don mu ɓoye shi ba, kuma ba wanda zai gane ma. Wata ta ce ai mu mun gane, kuma ba za ta yi guɗa a kan wannan kiɗa ba a wurin da ake hango Gidan Bayi. Na bar su suka yi ta yi har kusan sha ɗaya, don a ganina wannan sa'a ta fi duk darasin da na ba su a shekarar. Suka tsaya a kan cewa ba za a buga shi a dandali don tafi ba. Za a buga shi sau ɗaya a zaman tattaunawa na rana ta uku, bayan an bayyana ma'anarsa. Haka aka yi. Yarinyar ta yi bayani da Faransanci, yaron ya buga, ba wanda ya tafa, sai wani ɗalibi ɗan Senegal ya tashi ya ce su ma suna da waƙoƙin yabon mayaƙa da ya kamata su sake saurara.

Saura abin buɗewa. Yaron ya ce a bar masa.

Akwai Hausawan Nijar da yawa a Dakar masu sana'ar gasa nama, har mutanen garin na kiran irin gashinsu dibi hausa. Abokina ya sanar da wasunsu, kusan goma suka rufe tukubarsu suka tsallako. Yaron ya gan su tun kafin a fara. Da aka kira mu, ya fito shi kaɗai da kalangun kakansa, ya saki taken mahauta. Kalangu dama tun asali kiɗan mahauta ne. Wani dattijo a cikinsu ya miƙe tsaye kamar an kira sunansa, ya ɗaga hannu, sauran suka bi shi, suka nufo dandali suna yi wa yaron kari. Ƴan kallo ba su san me ake cewa ba, amma sun ga ganga ta yi kira an amsa. Daga nan gangarmu guda ta shigo, ƴan mata suka karɓa da waƙar noma, wasa ya tafi. Bayan an tashi, wani mai buga tama, wato ɗan ƙaramin kalangun Wolof da ake matsewa a hammata, ya zo suka zauna da yaron suna musayar bugu har aka kira sallar isha.

Ba zan ce wasanmu ya fi na kowa ba. Masu sabar, gangar Wolof, na Dakar sun fi mu haɗin hannu nesa ba kusa ba, kuma amshinmu ya yi rauni a waƙa ta uku, daidai inda muryar yarinyar da muka bari take riƙe shi.

Bayan dawowa

Mun dawo da bashi. Kuɗin nauyin kaya a jirgi da kwana ɗaya na ƙari a Yamai ba mu sa su a lissafi ba, kuma sai da aka yi wata huɗu ƙungiyar iyaye na biya. A rahoton da na rubuta wa shugaban makaranta na nemi abu biyu: a daina sa ƙarfin aljihun iyaye cikin ƙa'idar zaɓe, kuma kada ƙungiya ta sake buga wani take sai an tambayi masu shi ma'anarsa. Na biyun an karɓa nan take. Na farkon an ce za a duba.

Na koma Birni da gangar da ta tsage da ɗan abin da na sayo. Na faɗa wa tsohon cewa ya gargaɗe ni ban ji ba. Ya ce, "Ai yanzu ka ji, Malam," ya karɓi gangar yana duba bakinta. Na roƙe shi ya riƙa zuwa makaranta ranar Laraba. Ya ƙi. Ya ce mai neman sani shi ke zuwa. Yanzu sau biyu a wata yara bakwai ko takwas ke zuwa zaurensa, su tuɓe takalmi a ƙofa. Iyaye biyu sun hana nasu, sun ce ba su sa ɗa a boko don ya ƙare a gidan makaɗa ba.

Yaron yana ajin ƙarshe, makinsa ya ɗan ɗaga, har yanzu lissafi na ba shi wuya. Akwai masu kiransa maroƙi a fili, sai dai yanzu yana ratayo kalangunsa ya shigo da shi ta babbar ƙofa. Yarinyar da aka cire ba ta sake zuwa Laraba ba. Na je gidansu sau biyu. A zuwan farko mahaifiyarta ta ce ba ta nan. A na biyu ta fito ta gaishe ni da ladabi, ta ce tana shirin jarrabawa, in ta gama za ta yi tunani.